Jatau da Akori-Kurar Kawu Ilu

A Unguwar Tsamiya akwai wani mutum ana ce masa Jatau, gida ɗaya suke da innarsa Lantana da ƙanenta Kawu Ilu, mai tsohuwar akori-kura. Jatau ba shi da mugunta, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kawu ya ɗauke shi yana koya masa gyaran mota, amma kullum bakin Kawu na kan Sallau, makanikin bakin kasuwa. Sallau ya iya, Sallau ya san inji. Da an ambaci sunan nan, sai kishi ya kama Jatau.

Wata rana motar ta tsiri sabon hali: ta yi tafiya kaɗan sai ta shaƙe ta mutu, mai ba ya isa inji. Kawu ya ce, "Datti ne a tanki. Wanke shi tas, yadda Sallau ke yi." Jatau ya kwance tankin, ya kai shi bakin rijiya, ya dirje shi da soso da sabulu. Don ya fi Sallau, har ɗauraya ya yi sau biyu, ya mayar da shi yana ɗiga. Ran nan ko tari motar ba ta yi ba.

Wata rana kuma, bayan tankin ya bushe, Kawu ya miƙa masa tiyo. "Zuƙi har mai ya zo." Jatau ya zuƙa, mai ya zo, ya ci gaba da haɗiya, idanunsa jajir.

"Kai! Tofar mana!"

"Ai ba ka ce ba, Kawu."

Kwana biyu yana gyatsar fetur, Inna Lantana ta hana shi zuwa kusa da murhu.

Wata rana tumatirin Kawu ya nuna, an jera kwanduna, washegari kasuwa, mota kuwa tana nan da halinta. Kawu ya ce da yamma zai aika a kira Sallau, Jatau kuma ya koma riƙon fartanya. Jatau ya zauna gindin taya yana ƙunƙuni, hawaye cike da idonsa. Kawu ya ƙosa, ya yi masa gatse: "In kishin Sallau ne zai kashe ka, tashi ka cire duk abin da ya taɓa sa wa motar!" Ya shige gida.

Jatau bai san gatse ba. Ya cire madubin da Sallau ya ɗaura, ya ɓamɓare roba a sitiyari, ya zo kan sabon murfin tanki. Yana murɗawa sai tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Ya jefa murfin bayan danga, ya cusa tsumma a gurbinsa.

Kawu ya fito zai yi faɗa, ya ga tsumman, sai ya gane. Murfin Sallau ba shi da hujin shan iska, shi ya sa mai ke maƙalewa a tanki. Kawu ya tayar da mota, ta je har gada ta dawo ba ta shaƙe ba.

"Jatau, ka gyara ta. Faɗi abin da kake so."

Jatau ya share ido da gefen riga. "Gobe mu bi ta ƙofar garejin Sallau, Kawu. A hankali, kana danna hon."