Bargon Kaka Paraska Ya Rasu a Bakin Dudley

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa naɗe da bandeji, ni Lesia Demchuk nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar bargona, wanda aka yi wa kisan gilla a kan gadona da asubahin Talatar da ta wuce. Bai yi jinya ba. Farke masa ciki aka yi ina ƙarƙashinsa.

Marigayin ya girme ni nesa ba kusa ba. Kakata Paraska ce ta ɗinka shi da hannunta, ta cika shi da lallausan gashin agwagin da ta kiwata, a zamanin da sanyin lardinmu na Saskatchewan ke kashe saniya a tsaye. Ya rufe amare uku a gidanmu, bai taɓa tona asirin kowa ba. Ba mai yawan magana ba ne. In ka jawo shi ya ce "shaaa", in ka sake shi ya sauke numfashi ya ce "fuuu", iyakacinta ke nan. Da mijina Wendell ya rasu bara da girbi, kowa ya zo min da tukunyar abinci da nasihar in riƙa fita ina shan iska. Bargon nan kaɗai ne bai ce in tashi ba. Na shige cikinsa na yi zamana, kullum sai rana ta take nake leƙo waje. Na ƙaunace shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wanda ya kashe shi ɗan kwikwiyo ne mai suna Dudley, baƙi wuluk, jinin karnukan da ke ɗauko wa mafarauta tsuntsu daga ruwa. Ƙanina Myron ne ya shigo min da shi cikin rigarsa, ba sallama ba neman izini.

"Yaya, ga mai tashinki," in ji shi.

Na ce, "Wa ya aike ka? Ka tambayi agogon da ya gwada ƙarshe, yana can cikin shara."

"Ai wannan in kin jefa shi dawowa zai yi."

Daga ranar barcin safe ya ƙaurace wa gidan nan. Tun duku-duku, gari baƙi ƙirin, kare zai fara kuka sai ka ce ana yanka shi da wuƙa marar kaifi. Na rufe kejinsa da tawul, ya jawo tawul ɗin ya cinye rabi. Na jinkirta masa abincin yamma, ya tashi da wuri don ya gode min. Na toshe kunnuwana da auduga. Na jefi bango da silifa, na jefe shi da kofi, har hoton bikinmu ya faɗo ya fashe. Aka ce in yi banza da shi zai gaji, ashe ƙofar kejin ce za ta gaji. A duk wannan yaƙin marigayin ne garkuwata, nakan ja shi har ka in yi ta tsine wa Myron daga ciki.

Da tura ta kai bango na buga wa Myron waya, na ce ranar Lahadi ta sama ya zo da babban kejin motarsa ya ɗauke abinsa. Na san inda zai kai shi, shingen waya ne a bayan rumbunsa, inda karnukansa ke kwana a kan ciyawa cikin ƙanƙara. Ban damu ba.

"To, Lahadin," in ji shi. "Amma kafin nan ki gajiyar da shi da yamma. Kare gajiyayye ba ya asubanci."

Ya kawo min fiffiken agwagwar daji daga firijinsa, irin wanda suke koya wa 'yan kwikwiyo farauta da shi. Ki jefa, ya ɗauko, ki yabe shi. Haka na yi ta yi kowace yamma a tsakar falo. Yaro ya ɗauki karatu kamar da wasa: duk abin da ke warin agwagwa, a cafke shi, a girgiza, a kawo wa Lesia. Daga ni har Myron babu wanda ya tuna abin da ke cikin bargon Kaka.

Ranar Talata ƙofar keji ta ba da kai. Ban ji kuka ba, nauyi kawai na ji ya dira a ƙirjina. Dudley ya gano agwagwar da ta fi kowace girma a duniya, kwance a kan uwar ɗakinsa. Ya kafa haƙora a tsakiyar cikin marigayin ya fizga. Na riƙe gefe guda, ya riƙe gefe guda. Ya ja ni har na faɗo daga gado da kafaɗa, fitilar gefen gado ta biyo ni ta tarwatse. Na kai hannu in ɓare bakinsa, haƙori ya ratsa min yatsa, jini ya ɗiga a kan ɗinkin Kaka. Nan marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, wadda ban taɓa jin ya yi ba: "kyaaat".

Cikinsa ya zubo. A daidai lokacin na'urar ɗumama gida ta tashi, ta kwashi gashin ta watsa ko'ina. Ya shiga bakina, ya shiga hancina, ya manne a jinin hannuna. Kare kuwa sai tsalle yake yana cafkar iska, yana komawa kan gawar yana ƙara yage ta.

Na rarumo tsintsiya mai sanda, kuma Allah ya sani da niyyar kisa na ɗaga ta. Sai ga shi ya taho da ƙyallen bargon a baki, ya ajiye a ƙafata, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana jiran yabo, yadda na koya masa. Na maka wa ƙofa tsintsiyar, sandar ta karye biyu. Laifi yana da mai shi, kuma na san inda mai shi yake shan kofi da sassafe.

Na zura takalmin ƙanƙara da rigar sanyin Wendell a kan kayan barci, na ja kare da igiya har shagon kofi na bakin titi, inda tsofaffin garin ke taruwa kafin gari ya waye. Na banka ƙofa da guntun sanda a hannu. Kowa ya juyo. Tsoho Elmer, abokin Wendell, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, jikina duk gashin agwagwa, ya ce:

"Myron, ba ka ce lokacin farauta ya wuce ba? Ga wata ta kawo kanta."

Myron ya zagaya bayan tebur. "Yaya, ajiye sandar mu yi magana."

"Zo ka karɓa, ɗan nema. Yau sai na fige ka yadda aka fige ni."

"Ki fara da gemun," in ji Elmer, "ya isa cika matashi."

Na kai masa duka na sami kwalbar sukari. Aka yi ta dariya har da masu tari. Ban san sanda Elmer ya jawo kujerar da ke kusa da taga ba, wadda Wendell ke zama a kai, ya share ta da hularsa.

"Zauna, Lesia. Tun da aka binne shi ba wanda ya taɓa ta. Mun zaci ke ma binne ki aka yi."

Na zauna. Na yi kuka sosai, gashin agwagwa na faɗawa cikin kofina, makashin kuma ya ɗora kansa a kan takalmina ya yi barci, tun da ya gama aikinsa na ranar.

Marigayin ya bar matasai biyu, da zanin gado guda mai rauni, da ni. Ya kuma bar gashi a cikin tukunyar miya da aljihun kowace riga, wanda nake sa ran za mu yi ta tsinta har ƙarshen rayuwata.

An tattara gawar cikin buhuna uku, tana ajiye a garejin mota, domin ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa sai ƙanƙara ta narke. Idan ta narke za a binne shi a bayan gida kusa da kunyar dankali. Zaman makoki kuwa kullum ne, a shagon kofi, da zarar makashin ya tashe ni. Ba a buƙatar furanni. Mai son taimakawa ya kawo bargon roba, wanda bai taɓa sanin tsuntsu ba.

Myron kuma, in zai zo ranar Lahadi, ya zo da sabuwar tsintsiya da ƙofar keji mai ƙwari. Babban kejin motarsa ya bar shi a gida.