Mita Huɗu na Malam Ai-Na-Sani

Duk wanda bai taɓa zama gaban Malam Ai-Na-Sani ba, gaskiya an cuce shi a rayuwa. Shi ne jami'in saye-saye na otal ɗinmu, kuma a iya binciken da ya gudanar da kansa, babu mai ilminsa a duk ginin, har da baƙin da ke kwana. Ba a taɓa kammala yi masa bayani ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Da haka ya samu sunan, kuma ya ɗauka lambar yabo ce.

Allah ya hore masa wata baiwa: ba ya karanta takardar bayanin kaya. A ganinsa an rubuta ta ne domin talakawan ƙwaƙwalwa. Da zarar an buɗe kwali sai ya zare takardar ya ninke ta, ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa. Shekara bakwai ke nan, teburin ya miƙe ƙyam, ilmi duk yana ƙasa.

Sai kujerar mataimakin manaja ta zama babu kowa. Malam ya ƙwallafa rai a kanta har ya ɗinka sabuwar kwat, ya fara gwada sa hannu irin na manya a bayan ambulan. Abin da ya rage kawai Manaja ya ga bajinta da idonsa. Dama kuwa ta zo, domin Manaja ya ce a sayo sifiku shida na kiɗa da za a jera a bakin tafkin ninƙaya, waɗanda ruwa ba zai kashe ba.

Malam ya dawo da kwalaye yana taku ɗai-ɗai. Ya tara mu a sito, ya ɗora yatsa a kan wasu haruffa da ke jikin kwalin, IPX4.

"Ku matso ku ƙaru," in ji shi. "Wannan huɗun da kuke gani, mita huɗu ke nan a ƙarƙashin ruwa. Na ga masu bakwai, na bar su. Wa zai haƙa tafki mai mita bakwai? Almubazzaranci ne. Shi kuwa wannan X ɗin, sirrin kamfani ne, sai mu da muke cikin harkar."

Muka gyaɗa kai, don gyaɗa kai ba ya cin lokaci kamar gardama da shi. Mutum ɗaya ce ta ƙi ba mu haɗin kai, Iya Mai Tawul, dattijuwar da ke kula da ɗakin wanki. Ita tana da wata mummunar ɗabi'a: idan injin wanki yana juyawa, duk takardar da ta tsinta sai ta karance ta tas. Ashe ɗaya daga cikin takardun sifikun ta kuɓuce wa ƙafar tebur ta faɗa hannunta.

"Yallaɓai, a gafarce ni," in ji ta. "Takardar ta ce huɗu na fantsamar ruwa ne kawai, kamar yayyafi ko gumi. Mai bakwai ne ke jure nutso, shi ma mita ɗaya, na rabin awa. X ɗin kuma wai ba a gwada shi da ƙura ba ne."

Malam ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa majinyacin da ya zo da shawara.

"Iya, tawul nawa kika ninke yau? To ki je ki ƙarasa. Lambobi ba sa'anninki ba ne."

Ranar gwaji Malam ya iso cikin sabuwar kwat, da iyafis ɗinsa na sauraron waya maƙale a kunnuwa biyu, don a san cewa ana iya kiransa daga sama a kowane lokaci. Su ma masu huɗun ne, ya sha gaya mana. Manaja ya tsaya a bakin tafki ya harɗe hannuwa. Abin da aka nema shi ne a kunna sifika a ji ƙara, shi ke nan. Amma ina! Babban mutum ba ya yin ƙaramin gwaji.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "wasu suna sayen kaya, ni kuwa ina fahimtar kaya. Yau za ka ji kiɗa daga ƙasan ruwa."

Iya ta dafe ƙirji. Malam ya ɗaga sifikar sama tana rera waƙa, ya sake ta tsundum. Wallahi ta yi ƙoƙari. Ta ɗan ci gaba da waƙar, muryar ta koma ta mai kurkurar baki, ta saki kumfa uku, ta yi shiru.

"Wannan da ciwonta ta zo," in ji Malam, ko gezau. Ya jefa ta biyu. Ita ko kumfar ba ta tsaya yi ba.

Da ya miƙa hannu ga ta uku, sai Manaja ya taka kwalin da ƙafa. Nan fa masani ya durƙusa a bakin tafki yana leƙe ko za su farfaɗo, ya ƙara miƙa wuya, iyafis na dama ya sulale ya bi 'yan uwansa. Ya kai hannu zai cafko shi, sai kwat da mai kwat suka rufa masa baya. Aka tsamo shi sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa, iyafis na hagun ma ya daina magana a kunnensa.

Ni dai na ji tausayinsa, har na ɗauka yau za a ji kalmar "ban sani ba" daga bakinsa. Ashe ban gama sanin mutumin ba. Ya tsaya yana ɗiga, ya dubi alamar zurfin da aka rubuta a gefen tafkin, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ga matsalar! Ranka ya daɗe, tafkin nan mita ɗaya da rabi ne. An ƙera su don mita huɗu. Ruwan ne bai kai ba."

Manaja ya juya ya ce, "Iya, kawo takardar nan." Ya karanta a tsaye, bai kai minti ɗaya ba, ya ninke. Ya ce daga yau duk abin da za a sayo wa otal, sai Iya ta karanta takardarsa ta amince. Maganar kujera kuwa, ya ce Malam ya cire ta daga ransa, don an riga an ga bajinta.

Iya ba ta yi dariya ba, mace ce mai kunya. Ta ɗauko tawul mafi girma ta yafa masa a kafaɗa.

"Goge jikinka, Yallaɓai," in ji ta. "Wannan ba shi da takarda. Ka san yadda ake yi, ko in nuna maka?"