Rasuwar Morag, Makirufon da Aka Wanke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai tashi kuma har yanzu, Struan Galbraith, mawaƙin ƙungiyar Karyayyar Laima ta nan Glasgow, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar makirufonsa, wanda kowa ya sani da suna Morag. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin kwanon wanke-wanke, bayan shekara goma sha bakwai tana hidima ruwa bai taɓa jikinta ba.

A kasuwar gwanjo ta Barras ya tsince ta, cikin kwandon tsoffin cokula, yana ɗan shekara ashirin da shida. Tun daga ranar bai sake rera baiti ba sai da leɓensa manne da ragarta. Da ita ya yi faifai huɗu, dukansu a ɗakin ƙasa na gidan surukarsa, don shi a ganinsa shiga babban ɗakin naɗar waƙa sayar da kai ne.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha yawu, ta sha giya, ta sha ɓurɓushin soyayyen kifi da tarin murar kowane hunturu, ba ta taɓa mayar wa kowa ba. Duk ta adana. Sannu a hankali wani abu ruwan ƙasa ya toshe ramukan ragarta, ya daskare, ya fara gashi. Masu haɗa sauti da yatsa biyu suke ɗaukarta, suna kawar da kai. Wani mawaƙi da ya are ta a Dundee baiti ɗaya ya yi, ya sauka da hannu a baki, yanzu fenti yake yi wa gidaje. Ita kuwa iyakar maganarta "zzzt" in an jona ta, da "fuuu" in an matse ta.

Ta cikin wannan ƙazanta muryar Struan take fitowa, a dushe, a nesa, kamar mai kuka a ƙarƙashin bargo. 'Yan jarida suka ce ba a taɓa jin murya mai taɓa zuciya irinta ba. Mutum ɗari uku suka riƙa bin sa gari gari, cikin ruwan sama. Shi ma bawan Allah ya yarda tasa ce.

Ajali ya zo da ƙafar Shona Rennie, sabuwar mai kaɗa jitar ƙungiyar, wadda da rana take aiki a wurin likitan haƙori.

"Struan, abin nan fa motsi yake yi," in ji ta. "Na leƙa bakin mutane iri-iri, na rantse ban ga mai kama da wannan ba."

"Ke dai kama jitarki, yarinya. Kar ki kuskura ki taɓa ta."

Ya fita sayen burodi. Kafin ya dawo ta jiƙa Morag a ruwan tsami, ta bi ta da buroshin haƙori. Abin da ya fito ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Ya toshe magudana, ya kori kyanwa daga gidan, kuma a cikinsa aka ga guntun haƙorin da Struan ya daɗe yana cewa a Aberdeen ya faɗi.

Abin takaicin, da aka jona ta sai ta yi aiki fes. Struan ya buɗe baki, muryar ta fito tas, siririya, ta hanci, tana tuntuɓe. Hamish mai ganga ya ajiye sandunansa.

"Wa ke nan?"

"Ni ne mana."

"Kai! Sake mu ji," in ji Hamish. Struan ya sake. "Ashe haka kake? Shekara sha bakwai ina zaune a bayanka, ba wanda ya gaya min!"

Ishbel, matar Struan, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni na sani," in ji ta. "Ina jin ka a banɗaki."

An yi iya ƙoƙari. An sa mata safar da aka kwana uku da ita, an shafa mata kunun alkama, Struan ya yi mata tari da gangan har idonsa ya yi ja. Ƙazantar shekara goma sha bakwai ba ta haɗuwa a yini biyu.

Ta rasu ta bar sandar da take tsayawa a kai, da igiyar wuta guda, da faifai huɗu, da masoya ɗari uku da ba su ji labari ba tukuna, da Struan mai shekara arba'in da uku wanda bai iya wata sana'a ba.

An soke wasan ranar Juma'a. A maimakonsa za a yi jana'iza da ƙarfe huɗu na yamma a bayan lambun surukarsa, inda za a binne abin da aka kwaso daga magudana, cikin kwalbar zuma mai murfi biyu. Gangar jikin mai sheƙi an ba da ita sadaka ga mai sanarwa a zauren coci. Masu ta'aziyya su zo da safar hannu. Ba za a raba abinci ba, don duk wanda ya gani bai sake neman ci ba. Waƙa ma ba za a yi ba. An roƙi Struan ko baiti ɗaya ne ya yi mata na ban kwana, ya ce mai muryar tana cikin kwalba.