Tashin Nomau, Ƙafafun Bayan Raƙumi

A jiƙa alƙalami, a dama tawada mai kauri, a kore kaji daga tsakar gida, domin za a rubuta hikayar sadauki Nomau mai gyaran keke, ɗan Jatau wanda ya kori awaki uku daga bakin rumbu da tsawa ɗaya, jikan Cindo wanda bai taɓa faɗowa daga kan jaki ba sai sau biyu, tattaɓa-kunnen Bawa na Tudun Maƙera, wanda tarihi bai riƙe abin da ya aikata ba amma dangi suka haƙiƙance babban abu ne.

Shekara goma sha ɗaya Nomau yana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, kuma a tsawon wannan zamani mai albarka muƙaminsa bai wuce ɗaukar benci da riƙe labule ba. Matarsa Tabawa, mace mai magana ɗaya, ta gaji. Ta rantse in aka yi wasan bana ba ta gan shi da idonta a tsakiyar fage ba, sai dai ya yi sallama da ƙungiya, ya riƙa zama da yamma yana taya ta ɓarar gyaɗa. Wallahi hankalinsa ya tashi, don yana son ƙungiyar nan kamar ransa.

Ana haka sai Malam Shu'aibu, shugaban ƙungiya, ya dawo daga wani kwas a birni da sabon ilimi: wai baki ya huta, jiki ne zai yi magana. Mutum shi ne rijiya, shi ne bishiya, shi ne dabba. Ya zaɓi tatsuniyar raƙumin da ya durƙusa a bakin rijiya, ya ƙi tashi sai falke mai girman kai ya ba shi haƙuri. Aka naɗa Barau mai shayi kai da ƙafafun gaba, aka ba shi muciya ya ɗaga ta zama wuya. Nomau kuwa aka danƙa masa sarautar ƙafafun baya, aka kifa masa ƙwarya a gadon baya ta zama tozo, aka lulluɓe su biyun da buhunan da aka ɗinke.

Wata biyu ana horo mai tsanani. Raƙumi ba ya tafiya irin ta jaki: ƙafafun dama tare suke motsawa, na hagu ma tare, don haka sadaukin ya yi ta tangaɗi a sunkuye, riƙe da ƙugun Barau, ba ya ganin komai a duniya sai ƙasa. Babbar ƙa'ida kuwa, wadda Malam Shu'aibu ya maimaita har muryarsa ta dushe, ita ce raƙumi da baya yake fara tashi. Wato duk martabar wasan ta rataya a kan gwiwoyin Nomau, masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar gwagwarmaya ta faɗo ranar kasuwa, bayan la'asar, a filin makarantar firamare. Jama'a ta yi dafifi. A sahun gaba ga Buzaye masu kanwa sun harɗe, mutanen da suka san raƙumi tun suna goye. Can gefe ga Tabawa da sabon mayafi, ta kafa ido.

Raƙumi ya shigo da ƙasaita, dama tare, hagu tare, ya durƙusa. Sai musiba ta auku. Ɗanjuma tela, mai fitowa a falke, ya ga taro, daɗi ya kwashe shi. Ban haƙurin da aka shirya da durƙuso ɗaya ya mai da shi bakwai: ya faɗi, ya yi birgima, ya zuba ƙasa a ka, ya tashi ya sake daga farko. A ƙarƙashin buhu kuwa ƙafar Nomau ta hagu ta sage, ta mutu murus, sannan rundunar cinnaku, ma'abota zalunci, waɗanda ba su san girman fasaha ba, suka yi masa ƙawanya, suka haura ta ƙafar wando sahu-sahu. Kai, ranar ya ga tashin hankali! Amma bai motsa ba, bai ko sosa ba.

Mai kalangu ya buga alamar tashi. Baya shiru. Ya sake bugawa, shiru. Barau ya ƙosa, ya fara yunƙurawa ta gaba, wani dattijon Buzu ya girgiza kai, dariya ta soma tsirowa a sahun farko. Nan fa jinin Jatau ya motsa. Nomau ya cafki zariyar wandon Barau ya fizgo shi ƙasa.

"Zauna, Barau! Baya ke fara tashi!"

Ya tattara azama da shaja'a da abin da ya rage na ƙafar dama, ya yi kururuwa daga cikin buhu: "Sai ni ɗan Jatau!" Gwiwa ta ce ƙaƙas, tozo ya karkace ya daidaita, bayan raƙumi ya ɗaga sama sannu a hankali yana makyarkyata, sannan gaba ya biyo. Dattijon Buzun ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi haka yake yi!" Fili ya kaure da sowa.

Jama'a suka ruga, suka sunkuci Barau, shi da fuskarsa ke leƙowa ƙarƙashin muciya, suka yi gari da shi ana yi masa kirari. Buhu ya zube a kan Nomau. Kafin ya kuɓutar da kansa ya gama kakkaɓe cinnaku, fili ya watse, sai benci goma sha biyu suna jiran mai ɗaukarsu. Ya ɗauke su, don dai ba wani.

Ya iso gida yana ɗingishi, zuciya a karye. Ya zauna gaban tiren gyaɗa ya sa hannu. Tabawa ta janye tiren.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Ai ba ki gan ni ba, Tabawa. Ba wanda ya gan ni."

"Ban gan ka ba? Duk garin nan wa ke da faso irin na diddigenka na hagu? Tun daga bakin fili na gane shi." Ta turo masa gwangwanin man kaɗanya. "Ungo, ka riƙa shafawa kafin baɗi. Kada ka sake ba ni kunya a gaban Buzaye."