Gidan da Na Saya Ba Dillali

Zamanin Faransa, shekarar da gyaɗa ta yi mini albarka, na tashi sayen gidana na farko a Madarunfa. Tanko dillali ya ce, "Malam, bari in raka ka."

Na ce, "Mai wayo kamar ni ba ya biyan la'ada."

Ni kaɗai na yi cinikin, cikin rani, na sayi gida dab da tabki. Na bi gari ina yabon kaina.

Damina na sauka, ruwa ya shigo har ɗaka. Matata ta hau turmi tana salati, ni kuwa na cafke tarwaɗa ƙatuwa a tsakar gida.

Har yau in na shiga kasuwa sai a ce, "Sarkin Ruwa, ya kifi?" Nakan gyara hula in amsa. Sarauta ai sarauta ce.