Yadda Ake Korar Malamar Kirki da Babban Yatsan Tsohuwa

Hedimasta, kai ka saci yatsana. Kai da Ciyaman na iyayen yara, mai shagon siminti, ku biyu kuka haɗa baki kuka sace shi da rana tsaka, ina zaune a kan bencin yara gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, har ina yi muku godiya.

Ban yi makaranta ba, kowa ya sani, kai ma da shi ka cuce ni. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kar ta gyara mini magana. Tun da an koya mini darasi da furfurata, ba zan riƙe ilimin ni kaɗai ba. Duk hedimastan da wata malama ta tsaya masa a wuya, ga hanya. Na ba ka tabbacin tana ci, don a kaina aka gwada. Cikin mako uku malamar za ta kwashe kayanta, kai kuwa ko ɗigon tawada ba zai taɓa hannun rigarka ba.

Mataki na 1: Ka zaɓi wadda ta cancanci kora

Kar ka taɓa malalaciya. Wadda ke zuwa ƙarfe goma, ta sa yara su yi ta maimaita abu ɗaya ita tana latsa waya, wannan taka ce, ka riƙe ta da kyau. Mai aiki ita ce matsala.

Ka nemi irin Malamar aji biyu. Ita ce ta lura da wata yarinya a bencin baya, kullum tana karkata kai kamar kaza mai kallon sama. Ta zagaya ta bayanta ta kira ta ta hagu, shiru. Ta kira ta ta dama, yarinya ta zabura. Ranar da yamma ta tako har gidana, ta zauna a kan turmi, ta ce, "Iya, jikarki ba daƙiƙiya ba ce. Kunnenta na hagu ne ba ya ji."

Shekara guda ana ce wa yarinyar nan daƙiƙiya a aji ɗaya. Har ni na faɗa mata, Allah ya yafe mini. Uwarta ta rasu, ubanta direba ne yana hanya, ni ce komai nata, amma ban gane ba.

Malama ta dawo da ita bencin gaba, inda kunnen dama zai kama magana. Wata biyu aka yi, yarinya ta ɗauki kwalin sabulu ta karanta mini abin da ke jiki.

Irin wannan malamar ce haɗari. Domin bencin gaba yana da mai shi. 'Yar Ciyaman ce ke zama a nan, yarinyar da ta fi kowa tsawo a ajin. Malama ta mai da ita layi na uku.

Mataki na 2: Ka jira wani ya fara yin kuka

Kar ka yi gaggawa. Matar Ciyaman za ta zo da kanta, turarenta ya riga ta shiga ofis. Za ta ce, "Mu da muka ba da siminti aka yi katangar makarantar nan, a ce 'yarmu ce a baya?"

Ka kira malamar. Za ta ce maka, "Ranka ya daɗe, yarinyar doguwa ce, ko daga waje tana hango allo. Waccan kuwa ba ta ji." Ka gyaɗa kai, ka rubuta a littafinka cewa ta yi rashin kunya. Gaskiya idan ta fito daga bakin na ƙasa, sunanta ke nan.

Kar ka tambaye ni yadda na ji. Tagar ofishinka ba ta da gilashi, kujerar maigadi kuma a ƙarƙashinta take.

Idan da ƙanwar matarka a gida, ta gama makaranta shekara biyu tana zaune ba aiki, to ka ga abu ya zo daidai. Aji zai buɗe, ga mai shiga.

Mataki na 3: Ka kira taron iyaye lokacin da iyaye ba sa nan

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe. Maza suna wurin aiki, matan da ke da ƙarfi suna kasuwa ko asibiti ko ofis. Su wa suka rage? Mu. Kakanni, masu ciwon gwiwa, masu ciwon baya, waɗanda idan an ce makaranta na kira sai mu yi wanka mu ɗaura zanen fita.

Mu talatin da ɗaya muka zo. Masu karatu a cikinmu uku ne, dukkansu 'yan gidan Ciyaman.

Ka ce taron na famfo ne. Famfon makaranta ya lalace tun bara, yara na shan ruwa a bokiti ɗaya da kofi ɗaya, kowa ya san haka, kowa yana da abin faɗa. Ka bar mu mu yi ta magana awa guda har bakinmu ya bushe. Kar sunan malamar ya fito ko sau ɗaya. Mutumin da aka bari ya yi magana ya ƙoshi, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa.

Mataki na 4: Ka samo wawiyar da ta riga kowa zuwa

A kowace makaranta akwai ta. Ita ce ke rako jikarta har ƙofar aji, ita ce ke tsince leda a fili ba a sa ta ba, ita ce idan an rasa tsintsiya ta kawo tata daga gida. Ka tsai da ita a gaban jama'a, ka ce, "Jama'a, ku dubi Iya. Wannan ita ce uwar makarantar nan. A tafa mata!"

Za a tafa. Za ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Shekara sittin da wani abu ba a taɓa yi mata tafi ba. Daga nan ka gama da ita.

Mataki na 5: Takardar

A nan gwaninta take, ka buɗe kunne.

Ka kawo farar takarda mai layi-layi, ba komai a samanta. Ka kawo kwalin tawada. Ka ce, "Shaidar zuwa taro ce kawai, don ofishin ilimi su san iyayenmu na ƙoƙari. Iya, ke za ki fara, ke ce babba."

Tsohuwar za ta iya tambaya, don rashin karatu ba hauka ba ne. Ni na tambaya. Na ce, "Yallaɓai, me aka rubuta a sama?" Ka ce mini, "Ba komai, Iya, duba da idonki." Na duba, fari fat. Ban san baƙi ba amma na san fari. Ka kama hannuna da kanka, ka tsoma yatsan, ka danna shi a layi na farko, ka rubuta sunana a gefe. Har ka miƙo mini tsumma in goge.

Sauran ba za su tambaya ba. Na ji mai tuyar bakin titi tana cewa, "Tun da Iya ta sa, mu sa." Haka suka bi layi, ɗaya bayan ɗaya, a bayana.

Mataki na 6: Ka ɗinke

Bayan kowa ya watse, kai da Ciyaman ku rufe ƙofa. Ku rubuta wasiƙa a wata takarda daban: mu iyayen yara mun gaji da Malamar aji biyu, tana dukan yara, tana zagin iyaye, tana nuna bambanci, muna roƙo a ɗauke ta. Ku ɗora wasiƙar a sama, takardar yatsu a ƙasa. Ku ɗauki ɗan ƙarfen nan da ake ɗinke takardu da shi. Ƙyas!

Shi ke nan. Ba ka ƙirƙiri yatsan kowa ba, ba ka tilasta kowa ba. Takarda biyu ne suka haɗu. Ka aika ofishin ilimi, ka je ka wanke hannu.

Famfo kuwa ka bar shi yadda yake. Za ka buƙace shi a taro na gaba.

Mataki na 7: Ka sanar da labari mai daɗi

Idan takardar canji ta zo, aka jefa malamar wata makaranta mai nisan mota biyu, ka manna sanarwa a allon bakin ƙofa, wurin labaran ma'aikata. Maigadi ya karanta mini: Malamarmu ta samu canjin wurin aiki, makaranta na yi mata fatan alheri. A ƙasa ka sa hoton sabuwar malama, a zana fure a gefe. Kar ka rubuta cewa ƙanwar matarka ce, kamannin sun isa.

Ka yi ɗan taron ban kwana a ɗakin malamai, lemo da biskit. Ka ce kun yi babban rashi. Idan ka iya, ka cire tabarau ka goge ido.

Ranar farko sabuwar malama za ta ce kowa ya koma wurin zamansa na da. Ka ga aji ya daidaita. Doguwa a gaba, mai kunne ɗaya a baya kusa da taga, inda ba abin da ke shiga kunnenta sai ƙarar babura.

Mataki na 8: Kar ka bari tsohuwar ta je ban kwana

A nan ka yi sakaci, Hedimasta, na kuma sa shi don na bayanka su kiyaye.

Na ɗauki ƙwai da sabulu na tafi gidan Malama, ban san komai ba. Na tarar tana ɗaure littattafai a kwali. Na yi sallama ta amsa can ƙasa. Na ce, "'Yata, wane mugun ne ya yi mana haka?"

Ta dube ni. Ta ce, "Iya, da gaske kike tambaya?"

Ta jawo takarda daga jaka, kwafin da ofis suka ba ta. Ta karanta mini shafin sama. Ta buɗe na biyu, ta ɗora yatsa a layi na farko. Ta ce, "Wannan sunanki ne. Ko na kowa na gani ba zan ji komai ba, amma ke?"

Ba sai an karanta mini ba. Babban yatsana yana da tsaga, wuƙa ta yanke ni tun ina amarya. Ga tsagar nan a takarda, farin layi a tsakiyar tawada. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Wallahi na famfo ne! Na famfo aka ce mana!"

Ta ce, "Na ji, Iya." Ta karɓi sabulun, ta ce in koma da ƙwan in dafa wa yarinya. Ta raka ni bakin ƙofa. Har yau ban sani ba ko ta yarda da ni, ko tarbiyya ce kawai ta hana ta kore ni.

Mataki na 9: Idan ta zo da masifa, ka ce gobe

Za ta zo. Ka sa a ce kana taro. Ta dawo, a ce ka fita. Ta tare ka a bakin banɗaki, ka ce, "Haba Iya, uwar makaranta guda, ki kwantar da hankali, gobe za mu zauna."

Idan ta hau mota ta je ofishin ilimi, kar gabanka ya faɗi. Akwai wani akawu a can mai biro a bayan kunne, zai yi maka aikin. Zai ce, "Iya, yatsanki ne ko ba naki ba?" Ta ce, "Nawa ne, amma..." Ya ce, "To ai magana ta ƙare. Na gaba!"

Ciyaman ma ya san nasa. Na same shi a shago a kan buhunan siminti, ya ce, "Iya, ni shaida ne kawai." Na ce, "Shaidar me? Ka ga an daki ɗan wa?" Sai wayarsa ta yi ƙara, ko kuma shi ya ce ta yi.

Gargaɗi

Mai ba da wannan darasi ba ta ɗauki alhakin komai ba. Idan ka bi matakan nan, sannan ka wayi gari ka ga tsofaffi ashirin da takwas zaune a bakin ofishinka, kowace da tabarmarta da butarta, ba ruwana. Ni dai na bi su gida-gida na faɗa musu abin da suka dangwala, mai tuya har ta kusa kifar da kaskonta. Idan ranar Litinin suka ƙi tashi, suka ce sai a kira mutumin ofishin ilimi ya ji daga bakinsu ɗaya bayan ɗaya, wannan tsakaninka da su ne. Idan hawan jininka ya tashi, asibiti na nan.

Yanzu kai, Hedimasta. Ranar Litinin, lokacin da yara suka yi layi a fili, muna so ka fito da takardun nan biyu, ka karɓo su daga ofishin ilimi tun kafin ranar. Ka cire ƙarfen a gabanmu. Ka ɗaga ta sama ka faɗi wanda ya rubuta ta, ka ɗaga ta ƙasa ka faɗi abin da ka ce mana ranar. Sannan ka rubuta wata da hannunka da sunanka, a dawo mana da Malama ajinta.

Akwai kuma wadda ke jiranka kafin mu. Jiya jikata ta dawo daga makaranta ba ta taɓa abinci ba. Yaran aji sun faɗa mata. Ta tsaya a bakin ɗaki da jakarta a baya, ta ce, "Kaka, me Malama ta yi miki kika kore ta?"

Shekararta takwas. Ka zo ka ba ta amsa.