Jatau da Fis ɗin Injin Ƙwai

A gidan Inna Delu mutum uku ne: ita, babban ɗanta Sallau mai gyaran rediyo, sai ƙaninsa Jatau, ƙato mai gemu wanda in ka ce ya tsaya nan, nan damina za ta same shi. Abincin gidan daga injin ƙyanƙyasar ƙwai yake fitowa. Sallau ne ya haɗa shi da hannunsa, har da ɗan koren allo a ciki mai auna zafi, wanda babu mai iya yin irinsa a garin. Da ciwo ya kwantar da Sallau, dole aka bar wa Jatau gadi.

Wata rana Sallau ya ce, "Kada ruwa ya kusanci injin nan." Jatau ya buɗe, ya ga farantin ruwan da ke ba ƙwai laima, ya zare shi ya watsar a tsakar gida. Ƙwai suka bushe, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. Inna ta dafe kai tana "Ni Delu, wa na yi wa laifi?" Sallau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata rana Sallau ya nuna wa Jatau fis, ɗan gilashi mai siririyar waya a ciki. "In wuta ta zo da hauka, wannan ke ƙonewa don allon ya tsira. Ka kula da shi." Tausayin fis ya kama Jatau. Ya cire shi, ya naɗe a tsumma, ya ɓoye a gindin randa inda ke da sanyi. Injin ya wuni a kashe.

Wata rana, muryar Sallau ta riga ta dushe, ya riƙo hannun Jatau. "In fis ya ƙone, kada kowa ya kunna injin sai na zo." Kafin Juma'a aka kai Sallau makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai fis ya ƙone, injin cike da ƙwai, kuma babu sabo sai a birni. Maƙwabcinsu Ilu mai cajin waya ya shigo da guntun wayar tagulla.

"Kai Jatau, matsa mana! Kowa a layin nan haka yake yi, a ɗaure da waya a wuce wurin."

"Sai Yaya ya zo."

"Wane Yayan? Wanda muka binne?"

"Bai ce sai in yana raye ba."

Inna ta roƙa, ta yi zagi, ta koma kuka. Jatau ya rungume injin bai motsa ba, ƙwai suka huce gaba ɗaya.

Da la'asar wuta ta zo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Talabijin da firji duk na layin suka yi hayaƙi, shagon Ilu sai ƙauri. Washegari aka kawo sabon fis. Inna ce ta sa shi da kanta, bayan ta aiki Jatau ɗebo ruwa. Allon ya kawo haske.

Jatau ya dawo ya ji injin yana gurnani. Ya dire tulu, ya leƙa ɗakin Sallau, ya leƙa zaure.

"Inna, ashe ya zo? Me ya sa bai jira ni ba?"

Ta juya masa baya tana jera sababbin ƙwai.

"Sauri yake yi, ɗan nan. Ya ce a gaya maka ka yi daidai."